Yadda za ka haɗa fakitin .deb da dh_make

Malam, .deb shi ne fayil ɗin da ake saka manhaja da shi a Debian da Ubuntu, dh_make kuma shi ke shirya maka fayilolin haɗa shi. In kana kan Debian ko Ubuntu buɗe terminal ka fara da sudo apt install build-essential devscripts dh-make, ni jiya a shagonmu na Ƙofar Ƙaura na yi shi kafin a ɗauke wuta. Sai ka raɗa wa foldar aikinka suna haɗe da lambar sigar manhajar, kaman gaisuwa-1.0, ka shiga ciki ka buga dh_make --createorig, in ya tambaye ka nau'in fakiti ka zaɓi s (wato single, fakiti guda), zai buɗe maka foldar debian. A cikinta gyara fayil ɗin control, sa bayani da abubuwan da manhajar ke buƙata. A fayil ɗin rules, mai umarnin yadda za a haɗa fakitin, fa ka kula wallahi, tab ake sawa ba sifes ba, nan na sha wuya sosai. Daga nan dpkg-buildpackage -us -uc, fakitin zai faɗo a foldar da ke sama da ta aikinka, sai ka bi shi da lintian ya tono kurakurai.