Tsohuwar Bindigar Farauta: Inda Masu Gyara Suka Fi Yin Ɓarna

Kawuna, Allah ya jiƙansa, yana da wata bindigar farauta ƙirar Mauser mai sakata (ƙarfen da ake ja a tura harsashi a kulle shi), wadda ya riƙe da lasisinta shekara da shekaru a nan Sakkwato. Ina saurayi, wata rana na ɗauko ta da niyyar in faranta masa rai. Na ga ƙarfen ya yi duhu, ƙotar ta yi baƙi saboda gumin hannu, sai na sayo samfefa na zauna a zaure ina ta gurza. Kafin la'asar gefe ɗaya ya yi fari fat, wasu ƙananan tambura da ke gindin bututun sun kusa shafewa. Da ya dawo ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, wagga bindiga ta girmi ubanka. Abin da ka kankare yau babu maƙerin da ka iya maishe shi." Bai ƙara ko kalma ba. Da damina ta faɗi, daidai wurin nan ne ya fara cin tsatsa.

A Ingila da Jamus da Amurka akwai daɗaɗɗiyar sana'a ta ɗaukar uwar tsohuwar bindiga, wato ɓangaren da ke riƙe da sakata da kunama da gidan harsashi, a sa mata sabon bututu da sabuwar ƙota ta koma ta farauta. Wadda aka fi nema ita ce Mauser 98, da Paul Mauser ya fito da ita a 1898 a garin Oberndorf na Jamus. Manyan gidajen ƙera bindiga na Landan irin su Rigby a kanta suka gina bindigoginsu masu tsada. Yanzu yaranmu na ganin wannan aiki a YouTube, sai mutum ya tuna akwai wata tsohuwa a ɗakin kaka, ya ce bari shi ma ya taɓa. Yawancin ɓarnar da na gani daga nan take farawa, daga son abin da kuma gaggawa.

Kuskure na farko ba a jikin ƙarfe yake ba, a takarda yake. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta raba bindigogi gida uku. Bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Bindigar farauta mai harsashi, lasisinta daga Sufeto Janar yake fitowa. Akwai kuma waɗanda aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa, kuma cikinsu har da bindigogin soja masu cin harsashin 7.62 da .303. To ka ga tsohuwar Lee-Enfield, bindigar soja mai cin .303, wadda mutanenmu suka sani da Mak Fo a hannun 'yan sanda, ba abin da za ka ce ka mayar ta farauta a gida ba ce, komai tsufanta. Haka nan ƙera bindiga ko gyara ta sana'a ce mai lasisin kanta. Sauya bututu, ko huda ƙarfe, ko taɓa kunama, duk aikin mai izini ne. Abin da ya rage wa mai bindiga shi ne tsabta da ajiya da kula da katako. Mutane da yawa kuma na ɗauka lasisi gado ne kamar gona. Ba haka ba ne, da sunan mutum ɗaya aka ba da shi. In mai shi ya rasu, kwanaki kaɗan magada ke da su kafin su kai bindigar hannun hukuma, wanda ke so ya nemi nasa. A halin da gabashin jihar nan ke ciki, daga Isa zuwa Sabon Birni, a same ka da bindiga babu takarda ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kuma ba wanda zai tsaya sauraron tarihin kakanka.

Sai maganar wuta. Wannan ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ɓarnarta ba ta ganuwa. Uwar Mauser ta da, ƙarfe ne mai ɗan laushi a ciki, aka ƙone fatarsa ta waje ta yi tauri. Taurin nan siriri ne ƙwarai, kamar ɓawon ƙosai. A gaban sakatar akwai haƙora biyu da ke shiga su kulle, su ne ke tare duk ƙarfin fashewar harsashi, akwai na uku a baya na ko-ta-kwana. Idan mai walda ya kai wuta kusa da wurin, ko aka sa injin gurza aka ci fatar, ƙarfen zai koma laushi. Bindigar za ta yi kyau a ido, za ta harba yau, ta harba gobe, amma da kowane harbi haƙoran na ƙara nutsewa cikin mazauninsu, har ranar da kwanson harsashi zai fashe a daidai fuskar mai harbi. Na taɓa ganin wadda aka kai wa wani mai walda don ya lanƙwasa hannun sakata, saboda mai ita na son ɗora madubin hangen nesa. Ƙarfen ya fito da launin shuɗi da ruwan ƙasa har kusa da haƙoran, alamar zafi ya ratsa shi. Mai waldar gwani ne a ƙofa da taga, ba a nan matsalar take ba. Aikin ne ba nasa ba. Wadda wuta ta riga ta taɓa, gyaranta ɗaya ne, a daina harba ta har sai ƙwararre mai izini ya duba, kuma sau da yawa hukuncinsa shi ne a jingine ta gaba ɗaya. Game da madubin kuwa, ni shawarata a haƙura. Farautar da ake yi a dajinmu ba ta nisan da saitin ƙarfe na asali zai kasa ba ce.

Wani kuskuren shi ne gwaji da harsashi. An samo bindiga ta shekara ashirin a rataye, sai a ce bari a ji ko tana tashi. Kafin komai a zare sakata, a ɗaga bututun wajen haske, a leƙa daga baya. A garin nan zanzaro na son bakin bindiga kamar me, ya shiga ya yi gininsa na laka, ya bushe kamar dutse. Tsumman da aka cusa aka manta, ko giris da ya daskare, duk ɗaya ne. Harsashi ya tarar da hanya a toshe, bututu ya kumbura ko ya tsage. Akwai kuma 'yar tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi in an kulle. Ido ba ya auna ta, da wasu ƙananan ƙarafa na awo ake yi, ɗaya sakata ta rufu a kansa, ɗaya kuma ta ƙi rufuwa. In ta rufu a kan na biyun, tazarar ta yi yawa. Shi ya sa ɗauko sakatar wata bindiga a zura a wata ganganci ne, ko da ƙirarsu ɗaya. Dubi lambar da ke jikin sakata ka gwada da ta uwar, in ba su zo ɗaya ba, an taɓa musanya, sai an auna.

A nan ne tamburan da na kusa shafewa ke da amfani. Su ke faɗin ma'aikatar da ta yi bindigar, da shedar gwajin ƙarfi da aka yi mata, irin wanda ake yi a gidan gwaji na Birmingham tun 1813, da kuma harsashin da take ci. Kuma harsashi ba ya son kusan daidai. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Jamus mai suna 8x57. Na farko, na 1888, kaurin kansa .318 ne na inci. A 1905 aka ƙara shi zuwa .323. Suna kusan ɗaya, kwanso ɗaya, kuma sabon na iya shiga tsohuwar bindiga ya zauna, amma a harba shi a matsattsen bututu haɗari ne. Ta wani gefen kuma, 7x57 da .275 Rigby abu ɗaya ne, sunan ne kawai Turawan Ingila suka sauya. Ga shi kuma tsofaffin bindigogi da yawa an taɓa faɗaɗa musu ciki a wata ƙasa ba tare da an sake rubutu ba. Don haka "ai ya shiga" ba hujja ba ce. Lambar bindiga kuwa, ko da wasa kada samfefa ta je kusa da ita, domin bindigar da lambarta ta shafe ta zama abin tuhuma ko da takardarka a aljihu.

Tsohon harsashi ma yana da halinsa. Wani in ka ja kunama sai ya yi shiru, sannan ya tashi daga baya. Kada ka buɗe sakata nan take, ka bar bakin yana kallon inda babu kowa, ka ƙirga minti guda. Wanda ya yi kore ko ya tsage a wuya, a rabu da shi. Kuma kada a bar harsashi cikin mota a rufe da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 a inuwa.

Tsabta kuwa, mutanenmu sun yarda da mai fiye da kima. An yi harbi, an zuba mai, an ajiye, bayan sati biyu a tarar cikin bututu ya yi ja. Dalili shi ne tsofaffin harsasan soja na barin wani gishiri a ciki bayan harbi, gishiri kuma mai ba ya narkar da shi, yana nan a ƙarƙashi yana jawo danshi. Ruwan zafi ke wanke shi. A zuba ta baya ya fita ta baki, zafin ƙarfen ya busar da shi, a bi da tsumma busasshe, sannan a shafa mai kaɗan. Ta baya ake zura sandar goge bututu, domin in ana yi ta gaba bakin na cinyewa, saiti ya lalace. Baƙin man mota da man gyaɗa da manja duk ba nasu ba ne, na farko datti ne, sauran kuma daskarewa suke su yi danƙo. In babu man bindiga, man keken ɗinki ya fi su. Da hunturu a rage man sosai, don ƙurar nan mai laushi in ta haɗu da shi sai ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa, tana cin sakata a hankali. Duhun da ke jikin ƙarfe ba datti ba ne, rini ne da aka yi don kare shi. In tsatsa ta ɗan hau, mai da tsumma mai kauri da haƙuri sun isa.

Ƙota ita ce inda mai bindiga ke da ɗan sarari, amma a nan ma ana kwafsawa. Mafi yawan na asali itacen walnat ne, an shayar da shi man linsid, wani mai da ake tatsa daga ƙwayar shuka don shafa wa katako. Sai a gurje shi a malala masa banish irin na kujera, ya yi ƙyalli wata biyu, ya fara ɓarewa, ya riƙa santsi a hannu mai gumi. Abin da yake so shi ne a goge dattin a hankali, a ɗiga man linsid a tafin hannu a murza har ya yi ɗumi, a bar shi ya sha, a sake bayan kwanaki. Wanda kuma zai sa kafinta ya sassaƙa sabuwa, kada ya yarda da ɗanyen katako. Itacen da aka sassaƙa a watan Agusta zai ƙanƙance a Janairu, ƙarfen ya riƙa rawa a ciki. Akwai wani ɗan tudu a ƙarƙashin uwar bindiga wanda ke miƙa wa katako ƙarfin naushin harbi. In bai zauna daram a gurbinsa ba, naushin zai koma baya, ƙotar ta tsage a daidai wuyan da ake riƙewa. Ƙaramar tsaga in an gan ta da wuri gam mai ƙarfi na kama ta. Ɗaurin waya ko roba ɓoye ciwo ne kawai. Kuma a nemi sukudireba da ta cika bakin sukurun daidai, yawancin tsofaffin bindigogin da na gani kawunan sukurorinsu a tauye suke saboda an murɗa da wuƙa.

Kunama a bar ta yadda take. Ta soja tana da jan farko mai sauƙi sannan ta tsaya, wasu na ɗauka lalacewa ce, alhali haka aka yi ta. Wanda ya sa zarto don ta yi laushi yana rage ɗan wurin da ke riƙe da allurar harbi ne, sai bindiga ta koma tashi da kanta in an rufe sakata da ƙarfi ko gindinta ya bugi ƙasa. Farauta kuma a cikin jama'a ake yin ta, ga ɗan'uwa a gaba, ga karnuka.

Mu Sakkwatawa muna alfahari da fatarmu, kuma dukawanmu na ɗinka kube mai ban sha'awa. Na tafiya ne, ba na ajiya ba. Fata na riƙe danshi, abin jimar da ke jikinta kuma na cin ƙarfe, wata uku na damina sun isa su bar zanen kuben a jikin bututu. A ajiye ta tsirara cikin akwati ko kabad mai makulli, nesa da ƙasa saboda gara, babu harsashi a ciki, harsasan a wani wurin daban da yara ba su sani ba. In an shafa mai, a kifa bakinta ƙasa na kwana ɗaya ko biyu, don in ta tsaya a kan gindi man na gangarawa ya jiƙa katako ya ruɓar da shi.

Kawu kan zare sakatar tasa ya naɗe a tsumma ya sa a wata adaka daban, makullin na cikin aljihun 'yar cikinsa. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci yakan fito da bindigar, ya leƙa bututun a hasken ƙofar zaure, ya shafa mai a wurin nan da na gurje, ya mayar. Bayan rasuwarsa, da aka yi sadakar bakwai, ni da babban ɗansa muka ɗauke ta da takardunta muka kai wa 'yan sanda, aka rubuta lambarta, aka ba mu shedar karɓa.