Ga ƴan Tawa da Yamai da suka rako mai ciwon nono Faransa

Salamu alaikum ƴan uwa sababbin zuwa. Ni ɗan Tawa ne, na daɗe nan, kuma bara na yi jinyar innata, shi ya sa nake son in rage muku wahala kan abu guda da ke tsorata mutanenmu, wato allurar da ake yi kafin aikin kansar nono.

Takardun Yamai dai kar ku bar ko guda a gida, sakamakon biyopsi (gwajin ɗan naman da aka cira daga nonon) da faifan sikanar da na IRM (hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu), ku tahi da su randebu na farko in ba haka ba a sake komi daga tushe.

To ranar da aka miƙa muna takarda an rubuta medsin nukileyar, wato sashen asibiti da ake yin allurar nan, inna ta ce ita wallahi ba a sa mata guba, mu koma gida. Ga abin da ake yi. Kansar nono in za ta bazu, yawanci kaluluwar hammata take fara kamawa, likita yana son ya gano wacce ce ta farko a hanya, suna ce mata gangiliyon santinel. Sai a yi allura a nonon da wani ruwa mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ba su wuce nanomita 80 ba, nanomita kuwa milimita guda ce aka raba gida miliyan, an liƙa musu sinadarin nukileyar mai suna teknesiyom 99m, mai fitar da ɗan hasken da kamara ta musamman ke gani, su bi hanyar ruwan jiki su je su maƙale cikin kaluluwar nan, kamara ta ɗauko hoto. Ƙarfin sinadarin na raguwa da rabi duk awa 6, kwana guda kusan ya ƙare. Abin dariya, asalinsa daga uraniyom ake samo shi, irin arzikin Arlit, da na gaya wa inna haka sai ta ce ashe na gida ne.

Amfaninsa babba ne, ita wannan kaluluwar ake cirewa a auna, in lafiya take ba a kwashe sauran na hammata ba, kwashe su kuwa shi ke iya kawo kumburin hannun nan mai wuyar magani.

Wasu asibitoci da ƙwayoyin ƙarfe suke aiki, Magtrace sunansa, ana bin sawunsa da na'urar maganaɗisu, babu nukileyar ciki, amma yana iya barin tabo ruwan ƙasa a fata wata da watanni kuma yana ɓata hoton IRM na nono daga baya, to ku tambaya wanne aka sa, ku rubuta shi ku ajiye. In an haɗa da allurar shuɗin ruwa, fitsari zai canza kala kwana ɗaya ko biyu, ku gaya wa tsohuwa tun da wuri kar ta tada hankalin dangi a WhatsApp.

Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗi kafin allura. Kuma kunya ce ke hana iyayenmu magana gaban ɗa namiji, ni waje na riƙa tsayawa, wata ƴar Maradi mai karatu nan ita ta shiga ta yi tafinta.