Yadda zaka rage kuɗin fasa bango da ɓamɓare tayil a cikin gida, yanzu da 'yan kwangila suka yi tsada

Duk wanda ya kira ɗan kwangila kwanan nan akan yazo ya cire masa bango ɗaya tsakanin falo da kicin, ko ya ɓamɓare masa tayil ɗin banɗaki, yasan abinda nake nufi. Kuɗin da zai faɗa maka sai ka ɗauka gini zai yi maka ba rushewa ba. Mutane da yawa suna cewa ai fasawa ce kawai, guduma ce da ƙarfin damtse, me zai sa tayi tsada haka. Nima da haka na ɗauka, sai da aikin ya biyo ta kaina sannan na gane fasa bangon wani ɓangare ne kawai a cikin lissafin gaba ɗaya. Kuɗin yana tafiya ne a wuri biyu, abinda ke ɓoye a cikin bangon, da kuma inda baraguzan zasu je bayan an fasa. In ka riƙe waɗannan biyun ka gama rabin ciniki.

Toh me ya ƙara tsadar? Tun daga 2020 lokacin korona kaya suka fara tashi, sai 2022 yaƙin Rasha da Yukiren yazo ya ɗaga kuɗin dizal a kusan ko'ina, kuma dizal ɗin nan shi tifa take sha, shi babban janareto yake sha in za'a kunna injin fasa kankare a inda babu wuta. Fayafayan garanda da bakin injin suna cinyewa, kullum sai an sake saya. Leburori suma suna cefane a kasuwar da kake yi, dole kuɗin yininsu ya ƙaru, kuma wanda ya iya aikin da hankali, wanda zai cire bango bai tsaga silin ba, ba kullum ake samunsa a zaune ba. Sannan zubar da baraguzai ba kyauta bane a wurare da yawa, a Birtaniya misali tun 1996 akwai haraji akan sharar da ake kaiwa juji, kuma ƙara shi ake ta yi. Duk wannan ɗan kwangila a cikin kuɗinka zai saka shi. Ba wai ina wanke su bane, akwai masu tsawwalawa wallahi, amma in baka san daga ina kuɗin ya fito ba bazaka san inda zaka taya ba.

Abu na farko, kafin ka kira kowa, ka san wane irin bango ne. Akwai bangon da raba ɗaki kawai yake yi, akwai wanda yake ɗauke da nauyin dakin, wato kankaren da aka zuba a sama, ko rufi ko bangon bene na sama. In kana da zanen gidan ka ɗauko shi. In babu, ka hau sama ka duba ko akwai wani bango daidai kansa, ka duba kaurinsa, ka leƙa cikin silin ka ga ko katakon rufi ko bim, wato kankare ko ƙarfen da ake gittawa ya ɗauki nauyin sama, a kansa ya zauna. Amma dan Allah duk wannan dubawar taka ce kawai don ka samu haske, hukuncin na injiniyan gini ne. Ka biya shi yazo ya gani da idonsa. Nan ne wurin da nake roƙon mutane kar su yi tsimi, saboda bangon da ke ɗauke da nauyi ba'a cire shi sai an tokare saman da ƙarafan tokari, an saka bim da zai karɓi nauyin, sannan a fara fasawa daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya tsallake wannan ba lallai gidan ya faɗo ranar ba, wani lokacin sai bayan watanni ka fara ganin tsaga a kusurwar ƙofa, ƙofar bene ta fara ƙin rufuwa, lokacin kuma mai aikin ya daɗe da karɓar cikonsa. Kuma ko ta ɓangaren kuɗi ma ganin injiniya riba ne, don ɗan kwangilar da bai tabbatar da bango ba zai saka maka kuɗin tsoro a kai, in ka nuna masa takarda cewa bangon raba ɗaki ne kawai ka cire masa hujja.

Bayan nan sai ka bi wayoyi da bututai. Ka tsaya gaban bangon ka ƙirga soket da makunni nawa ne a jikinsa ta fuska biyu, waya yawanci a miƙe take hawa sama ko ta sauka ƙasa daga soket, ko ta bi gefe a miƙe. In bayan bangon banɗaki ne ko kicin ka ɗauka akwai bututun ruwa a ciki har sai an tabbatar babu. Ka kira mai wayarin da filamba su zo su katse layin su toshe bakin bututun kwana ɗaya kafin masu guduma su shigo. Kashe makunni kawai bai isa ba, a kashe daga babban akwatin wuta a kuma gwada da testa. In akwai bututun gas to wannan sai mai lasisin aikin.

Yanzu maganar baraguzai, wadda ita ce ta cuce ni. Lokacin da na cire bangon sito na haɗa shi da kicin, da baki muka yi jinga da mai aikin, nace a fasa bango yace to. Yini ɗaya da rabi suka gama, aiki yayi kyau, na dawo da yamma na tarar da tulin fasassun bulo da filasta ya toshe hanyar banɗaki, ya kai min ƙugu, ga guntayen waya suna leƙowa daga ciki. Nace yaushe za'a kwashe, yace ai kwashewa ba ta cikin maganarmu. Kuma gaskiyarsa, ban faɗa ba. Sati 2 muna tsallake tulin nan da yara, ƙura har cikin kayan sawa da ke rufe a wadirob, daga ƙarshe na nemo wasu leburori daban da baro, na nemo mota daban, kuɗin da na kashe a kwashewar ya kusa kamo na fasawar. Mutane basa lissafa nauyin abin ne. Kankare mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi yana kai wajen kilo 2,400. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3, na bulo inci 6 da filasta gaba da baya, cikin sauƙi zai haura tan 2, kuma in aka farfasa shi ƙara cika wuri yake yi fiye da yadda yake a tsaye. In a bene ne kuma duk wannan a kan mutane zai sauko buhu buhu ko kwano kwano, shi yasa kuɗin aikin bene ya fi na ƙasa.

Don haka in zaku yi jinga ka sa a rarraba maka kuɗin a rubuce. Fasawa nawa, saukowa da baraguzai nawa, mota sahu nawa kuma nawa kowane sahu, ina za'a zubar, hayar inji nawa, man janareto a kan wa yake, gyaran bakin wurin da aka fasa, wato filastar gefe da cike ramin da bangon ya bari a ƙasa da silin, yana ciki ko baya ciki. Ka samu mutum 3 su zo su ga wurin da kansu, banda farashin waya ko na hoto, ka nuna musu abu iri ɗaya ka faɗa musu magana iri ɗaya, in ba haka ba kwatanta kuɗinsu bashi da amfani. Wanda ya fi kowa araha da tazara mai yawa ka tambaye shi me ya cire, galibi kwashewa ce ko gyaran baki, ko kuma a bayan layi zai je ya juye maka sharar, a wasu ƙasashen ma mai gidan ake ci tara in aka gano daga gidansa ta fito. Araha bata ado dama. Ni shawarata jinga tafi biyan kuɗin yini a wannan aikin, don in yini kake biya ba mai gaggawa, sai dai in aikin ƙarami ne kuma kana tsaye a wurin.

Akwai aikin da zaka iya ragewa da hannunka, kuma yana rage kuɗi sosai don lokacinsu kake saya. Ka fitar da kaya daga ɗakin kafin su zo. Ka kwance labule, fanka, fitilu bayan an kashe wuta, ka kwance kabad ɗin kicin da sukudireba a hankali, ka cire ƙofofi daga hinjinsu, ka naɗe kafet. Abinda aka kwance da sukudireba ana iya sayarwa ko a sake amfani dashi, abinda guduma ta taɓa ya zama shara da zaka biya a ɗauke. Ƙofa da firam ɗinta, tagar alminiyam, sink, kan famfo, wayar tagulla, guntayen rodi, duk kuɗi ne a wajen masu sayen tsoffin ƙarafa, ka faɗa tun farko naka ne ko kuma a rage maka a cikin jinga, kar ka bari sai ka ga ana lodawa a mota sannan a fara gardama. Baraguzan ma in tsabarsu ne, bulo da kankare ba leda ba katako ba jifsam, mai gini a kusa zai iya so don cike, wani har motar zai turo. Shi yasa yake da kyau a ware su tun ana fasawa, in suka cakuɗe ba mai karɓa.

Sai dai akwai abinda bana so ka taɓa da hannunka ko ka bari yaro lebura ya taɓa ba tare da sani ba, shine asbesto, wani ma'adini mai zare zare da ake haɗawa a cikin kayan gini. Tsoffin gidaje da yawa suna dashi a allunan silin, a kwanon rufi na siminti, a tsohon tayil na roba da gam ɗin da ke ƙarƙashinsa, da abin naɗe bututu. Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, amma akwai ƙasashe da yawa da har yau ba'a hana ba, kuma hanin bai cire wanda ke cikin tsohon gini ba. In yana zaune lafiya ba'a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, fasa shi ko yanka shi da garanda shine yake sakin zaren da ido baya gani, ya shiga huhu ya zauna, cutar kuma sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye take bayyana, har da kansar da bata jin magani. Ba'a gane shi da ido, sai an kai samfur an gwada. In gwajin ya nuna akwai to masu wannan aikin daban ne, kuɗinsu yafi yawa, kuma ya cancanta. Wani lokacin ma abinda yafi sauƙi shine a bar shi a rufe shi, misali a shimfiɗa sabon tayil akan tsohon in ƙasan lafiya take. Haka tsohon fenti mai dalma, Amurka ta hana shi a gidaje a 1978, ƙurarsa tafi cutar da ƙananan yara da masu ciki, in gidan tsoho ne a fitar dasu har a gama a wanke.

Ko babu asbesto ƙurar siminti da tayil ita ma tana lalata huhu in ana shaƙa. Ka tabbatar masu aikin suna da takunkumi na gaske irin N95 ko wanda ya fi shi, ba tsumma a hanci ba, da tabarau da safar hannu da takalmi mai ƙarfi, a riƙa yayyafa ruwa a inda ake yanka. In mai kwangilar bai kawo ba ka saya musu, kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma yaran nan 'ya'yan wasu ne. Ka rufe ƙofofin sauran ɗakuna da leda da salatif, ka kashe esi ka lulluɓe shi, ka shimfiɗa katako ko kwali mai kauri a tayil ɗin da baka son ya fashe musamman hanyar da baro zai bi. Ka ɗauki hoton ko'ina kafin a fara, har bangon maƙwabci in kun haɗa bango, don ranar da tsaga ta fito a san da can take ko sabuwa ce. In gidan haya ne ko bene mai mutane da yawa ka samu izinin mai gida a rubuce, ka kuma tambayi hukumar gine-gine ta inda kake ko aikin yana buƙatar takarda, yawanci taɓa bango mai ɗauke da nauyi yana buƙata. Ka tambayi mai kwangilar ko yana da inshora, in babu ku rubuta wa zai ɗauki asara in an fasa bututu ko wani ya ji rauni.

Wata dabarar kuma, ka haɗa duk fashe fashen da kake da niyya a zuwa ɗaya. In kasan baɗi zaka ɓamɓare banɗaki na biyu gara ayi shi yanzu tare, don kawo inji da ɗauko mota da tara leburori kuɗi ne da zaka sake biya duk lokacin da suka dawo, mota rabin lodi da cikakken lodi kusan kuɗinsu ɗaya. In maginin da zai yi maka sabon aikin zai iya haɗawa da fasawar ka tambaye shi farashin duka, sau da yawa yafi sauƙi, kuma shi zai fasa da hankali tunda shi zai gyara.

Wajen biya kar ka bada kuɗi duka a gaba. Ka bada kafin alƙalami daidai wanda zai ɗauko kayan aiki, wani kaso in an gama fasawa, ciko kuma sai an kwashe an share ka zagaya ka duba da idonka, ka kunna wuta ka buɗe famfo ka tsaya ka ga ko wani wuri yana jiƙewa. Ka ajiye kamar kashi 15 cikin 100 a gefe wanda baka faɗa wa kowa ba, don in aka buɗe bango ana iya tarar da bututun da ya daɗe yana yoyo, ko katakon da gara ta cinye, ko fila a inda zane bai nuna ba. In aka tarar da irin wannan ka ce a dakata, kuje ku gani tare, ku yi sabuwar jinga akan ƙarin aikin ku rubuta ta ko a saƙon waya ne, sannan a ci gaba da dukan.