Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan ƙofofin ayon

Duk lokacin da na zauna duba takardun jarrabawar fisiyoloji, zane ɗaya nake ta cin karo da shi: layi biyu na tantanin ƙwayar halitta, an huda rami a tsakiya, an ja kibiya. Abin yana damuna ƙwarai, domin ƙofar ayon, wato mashigar zarra masu cajin lantarki irin su sodiyam da fotashiyam, gini ce ta furotin, wadda ake harhaɗawa yanki-yanki.

Da yawa suna rikita ƙofa da famfo. Famfon sodiyam da fotashiyam yana cin ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, ya fitar da sodiyam 3, ya shigo da fotashiyam 2, kamar mai kai ruwa kan tudu. A ƙofa kuwa, ayon da kansa yake gangarawa. Kafin ka rubuta amsa, tambayi kanka: hawa ne ko gangara?

Kuskuren da ya fi zurfi shi ne ɗaukar ƙofar kamar rariya, wai ƙanana su wuce, manya su tsaya. To ai sodiyam ya fi fotashiyam ƙanƙanta, amma sodiyam ɗin ne ƙofar fotashiyam take tarewa. Me ya sa? Kowane ayon yana yawo ne sanye da rigar ruwa, kuma sai ya tuɓe ta zai shiga maƙogwaron ƙofar fotashiyam. A 1998 Roderick MacKinnon ya nuna surar KcsA, ƙofar fotashiyam ta wata bakteriya, aka ga zarra-zarrar oksijin sun jeru a maƙogwaron daidai jikin fotashiyam, suna maye masa gurbin ruwan da ya cire. Sodiyam kuwa wurin ya yi masa yawa, bai samu madafa ba, saboda haka ba ya sakin rigarsa. Wannan aikin ne ya kawo wa MacKinnon kyautar Nobel a 2003.

Sai batun ƙirga. Ƙofar fotashiyam yanki huɗu ce, ta sodiyam kuwa sarƙa ɗaya ce doguwa da ta naɗe gida huɗu, ƙofar da ke karɓar asetilkolin (sinadarin saƙon jijiya) a tsoka kuma yanki biyar. Ka riƙa zana su ta sama, kamar mai leƙa rijiya, za ka ga yadda suka kewaye hanyar.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne inda ake haɗa su. Tun a cikin ER, wato sashen cikin ƙwayar halitta da ake harhaɗa irin waɗannan furotin, ake ginin, ba a bakin tantani ba. Dubi KATP, wata ƙofar fotashiyam ta fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin: yankin Kir6.2 huɗu, yankin SUR1 huɗu. Kowane yanki yana ɗauke da wata alama, RKR, da ke riƙe shi a ER har sai takwas ɗin sun haɗu sun rufe ta, sannan a sake su. Kuma a jikin SUR1 ɗin nan ne glibenclamide, maganin da ake ba masu ciwon suga a asibitocinmu, yake kamawa, ya rufe ƙofar, insulin ya fito.