Darasi na Bakwai: Gidan Raino ko Nazare?

Wata Asabar a ajinmu na Agege, muna tsaka da darasin lissafi, sai wata 'yar'uwa mai tuyar ƙosai ta ɗaga hannu. "Malama, ɗana ya shekara biyu da rabi. Maƙwabciyata ta ce in sa shi nazare, maigida kuma ya ce gidan raino ya ishe shi. Wai mene ne bambancinsu?" Kafin in ba ta amsa, sai na tambaye ta ƙarfe nawa take kwashe kaskonta na yamma. Ta ce sai bayan isha'i.

A garuruwanmu na Arewa ba kasafai ake wannan tambaya ba, don akwai kaka ko goggo a gida, ko kuma kishiya a ɗakin kusa. A Legas kuwa, yawanci ɗaki ɗaya ne da mata da miji, kowa ya fita nema tun asuba.

Gidan raino shi ne wanda mutanen Legas ke kira kireshi. Aikinsa kula da jikin yaro: ciyarwa, canza famfas, barci, wasa. Ana karɓar jarirai tun suna 'yan watanni, kuma yawanci a buɗe yake daga safe har yamma. Nazare ko keji kuwa makaranta ce, da yunifom da allo da zangon karatu. Ana tashi da rana, ana kuma yin hutu sau uku a shekara. Sunan keji ya samo asali ne daga Jamusanci. Wani malami ɗan Jamus, Friedrich Froebel, shi ya raɗa sunan Kindergarten, wanda ake taƙaitawa keji, a 1840, ma'anarsa lambun yara. Shi a ganinsa yaro da wasa da waƙa yake koyo. Ki tuna da wannan idan kika ga an ɗora wa ɗan shekara uku aikin gida shafi biyu.

Tsarin ilimin Najeriya ya ware shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara 5, sannan ya shiga firamare yana ɗan shekara 6. Makarantun firamare na gwamnatin Legas da yawa suna da azuzuwan ƙananan yara, kuma a ƙarƙashin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ba a biyan kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Saboda haka kafin ki ci bashi don makarantar kuɗi, ki leƙa ta gwamnati da ke unguwarku. Ɗan shekara biyu bai makara da komai ba.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono zalla yake bukata, ko ruwa ba a ba shi. Shi ya sa gwamnatin Legas ta tsawaita hutun haihuwa ga ma'aikatanta mata zuwa wata 6 tun 2014. Mai tuya ko mai awo a kasuwar Mile 12 ba ta da wannan hutu, to idan ya zama dole, ta nemi gidan raino mafi kusa da wurin sana'arta, inda za ta iya zuwa ta shayar ta dawo.

Wurin da ya fi muhimmanci a wannan darasi shi ne ziyara. Kada ki zaɓi wuri saboda fenti ko zanen tsuntsaye a bango. Ki je da kanki, ba tare da kin sanar ba, wajen ƙarfe sha biyu, lokacin da yara suka gaji kuma masu raino suka fara gajiya. Ki ƙirga yaran, ki ƙirga manya. Mace ɗaya hannu biyu gare ta, idan jarirai goma ne a gabanta, wani zai daɗe yana kuka. Ki shiga bayan gida ki duba ko akwai ruwa da sabulu. Ki ga ko tagogi na da raga saboda sauro, da inda aka ajiye janareta, don hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri. Ki kalli kwatar ƙofar gidan, ki tambayi maƙwabta yadda layin yake zama idan ruwan Yuni da Yuli ya sauka. Idan a bene ne, ki duba matakala da bango. A watan Maris na 2019 wani bene ya rufta a Ita-Faji da ke tsibirin Legas, akwai makarantar yara a samansa, aka rasa rayuka da dama.

Na taɓa raka wata ɗalibarmu duba wani gidan raino. Mai wurin ta tarbe mu da fara'a, ta ba mu kujera a falo, amma da muka ce za mu ga ɗakin barci sai ta fara kame-kame. Ɗalibar ta tura ƙofar a hankali. Yara shida ne kwance a katifa ɗaya, fanka ba ta aiki, kwalaben madara a zube cikin roba babu suna a jikin ko ɗaya. Ta janyo mayafinta ta ce, "Malama, mu tafi."

Sai tambayoyi. Wa aka yarda ya zo ɗaukar yaro, kuma yaya suke tantance shi? Idan zazzaɓi ya kama shi, wa za su kira, wane asibiti za su kai shi? Ki faɗa musu a fili cewa ba a ba ɗanki kowane irin magani sai da izininki. Ki nemi ganin takardar rajistar wurin da gwamnatin jiha. Wurin kirki shi ma zai nemi katin rigakafi da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, kuma wanda bai nemi katin ɗanki ba, bai nemi na sauran yaran ba. Abinci kuwa, ni dai na fi son uwa ta zuba nata a kula.

Game da yare, kada hankalinki ya tashi. Yaron zai kwaso Yarbanci da Turanci da buroka a can, kuma riba ce a garin nan. Ke dai ki riƙa yi masa Hausa a gida.

Yanzu ɗauki littafinki. A layin farko rubuta shekarun ɗanki. A na biyu rubuta lokacin fitarki da lokacin dawowarki, ki ƙara awa ɗaya saboda goslo. Sannan ki rubuta kuɗin wurin, ki haɗa da na yunifom, littattafai, famfas da kuɗin keke ko danfo zuwa da dawowa. Gidan raino yawanci wata-wata ake biya, nazare kuma zango-zango, don haka ki raba kuɗin shekara gida 12 kafin ki gwada su.

Mai ƙosai ta yi nata lissafin a allo. Da ta ga nazare za ta tashi tun kafin ta jiƙa waken yamma, babu kuma mai ɗauko yaron, sai ta ce bana gidan raino zai je. Ranar Litinin za mu je mu duba guda biyu a layinsu.