Tankin ƙasa da famfon mayar da ruwa: kurakuran masu kiwon murjani

Duk mai son ajiye murjani mai rai da kifin teku a Garwa, Marwa ko Njamena, abu biyu ne za su gwada aikinsa: ɗaukewar wuta da zafin bazara. Da su a zuciya ya kamata a zaɓi tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke cikin kabad inda ruwa ke gangarawa a tace shi, da famfon da ke mayar da ruwan zuwa babban tankin da ke sama.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne cika tankin ƙasa har baki. Idan wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, ruwan tankin sama ba ya tsayawa nan take. Zai ci gaba da gangarowa har ya sauka ƙasa da bakin magudana, wato hanyar da ruwa ke bi zuwa tankin ƙasa, bututun mayarwa kuma ya koma yana zuƙo ruwa da baya. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfin da ruwan zai sauka, a santimita, ka raba da 1,000. Tankin sama mai tsawon 120 da faɗin 50, in ya sauka santimita 3, lita 18 ke nan. Haɗe da abin da ke cikin bututu da na'urar kumfa mai cire dattin ruwa, ka bar wurin lita 25 a ƙalla a tankin ƙasa. Amma in bakin bututun mayarwa ya nutse santimita 10, lita 60 ce za ta sauko, ta malale a ɗaki kusa da soket. Maganinsa, ka ɗaga bakin ya tsaya kamar santimita 2 ƙarƙashin ruwa, ko ka huda bututun rami mai milimita 3 zuwa 4 daf da saman ruwan, don iska ta shiga ta katse zuƙowar. Ramin nan gishiri da gansakuka na toshe shi, sai ana zura masa tsinke duk mako. Bawul mai hana ruwa komawa baya kuwa ba abin dogaro ba ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa. Kafin ka saka ko da kifi ɗaya, zare soket da hannunka, ka tsaya minti goma kana kallo, sannan ka manna salatif a iyakar da ba za a wuce ba wajen ƙarin ruwa.

Sai girman famfo. Lambar da ke jikin kwali ƙarfinsa ne in ba ya hawa ko'ina. Daga kabad zuwa bakin tanki akwai sama da mita ɗaya, ga gwiwoyin bututu, kowace tana cin nata. Sau da yawa sulusi ko rabin ƙarfin ke tafiya. Abin da ake so ya iso sama shi ne ninki 3 zuwa 5 na ruwan tankin a awa, wato lita 900 zuwa 1,500 ga tanki mai lita 300. Duba zanen da ke nuna ƙarfinsa a kowane tsayi, kuma kada ka sa bututun da ya fi bakin famfon ƙanƙanta. Masu sayen ƙato wai don murjani na son motsin ruwa sun ɗora masa aikin da ba nasa ba, wannan na ƙananan famfunan kaɗa ruwa ne da ake mannawa a jikin gilashin sama. Ƙaton famfo ƙara yake kawowa da kumfa, yana iya fin ƙarfin magudana. In za a rage shi, a wajen fitar ruwa ake sa bawul, ba a taɓa shaƙe mashigarsa.

Ga kuma zafi, wanda a nan shi ne babba. Famfon da ke nutse kusan duk wutar da ya ci cikin ruwan take zama zafi. Murjani na son digiri 24 zuwa 26, in ruwa ya daɗe a 30 sai ya fara fari, alhali a Garwa cikin Maris da Afrilu zafin rana na wuce 40. Shi ya sa famfon DC, mai amfani da wuta irin ta batir, mai bolt 24 ya fi dacewa: wutarsa kaɗan, ana rage gudunsa, kuma ƙaramin batir ko sola na riƙe shi. A duba rubutun jikinsa. Wutar Kamaru da Chadi bolt 220 ce, 50Hz. Famfon Amurka mai bolt 120 da 60Hz ko da taransifoma ba zai ba da ƙarfin da aka rubuta ba.

Famfon rijiya na kasuwa da bawul ɗin tagulla da mai gyaran famfo zai miƙo maka, kada su taɓa ruwan nan. Tagulla na kashe murjani da jatan lande. Komai ya zama roba, sandar famfon kuma ta tangaran.

Wurin da famfo ke zaune ma ana yawan matse shi. Duk ruwan da ya ƙafe a nan kaɗai yake nunawa, kuma da hunturu, ko in an sa fanka tana hura saman ruwa, lita da yawa ke tafiya a yini. In wurin ƙarami ne famfo zai sha iska ya ƙone. Gishiri ba ya ƙafewa, don haka da ruwan da injin RO, mai cire gishiri da ma'adinai daga ruwa, ya tace ake cikawa, ba na gishiri ko na burtsatse ba, ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026.

Magudana ta zama bututu biyu, ɗaya na ko-ta-kwana. Duk wata uku a kwance famfon a jiƙa farfelarsa cikin ruwan khal, domin in ɓawon alli ya taru a jikinta, wuta za ta dawo famfon ya ƙi tashi. A kuma ajiye na biyu a gida, tunda kafin wani ya iso daga Duwala ko waje, kwanaki sun shuɗe.