Yadda zaka ba da rubutun hannunka a sa a jikin bangon tunawa da marubuta

A Amurka manyan hanyoyi suna da wuraren hutawa inda matafiya da direbobin tirela ke tsayawa su shiga bayi su miƙe ƙafa, wasu jihohin kuma suna ƙawata wuraren. Na kan hanyar I-80 kusa da Tiffin a jihar Iowa marubuta aka karrama da shi, ba mamaki tunda Iowa City na nan kusa, garin da UNESCO ta ba sunan birnin adabi a 2008, jami'arsu kuma tun 1936 take da shirin horar da marubuta. Toh wani lokaci mai zanen irin wannan aiki yakan nemi jama'a su turo rubutun hannunsu a sassaƙa a ƙarfe ko gilashi ko tayil. In ka ci karo da irin sanarwar nan ga yadda zaka yi.

Fara karanta sanarwar har ƙarshe, dan Allah. Wasu su zasu baka kalmar ko sunan marubucin da zaka kwafa, wasu su bar maka zaɓi, kar ka tura baiti goma alhali layi ɗaya aka nema.

Sai takarda. Fara sol, mara layi, kar ka naɗe ta. Alƙalami kuma baƙi mai kaurin baki, maka (marker) ta fi, biro ɗin nan siriri ka manta da shi kawai, domin rubutun sai an ɗauke shi a kwamfuta an ƙara masa girma sannan inji ya bi layin ya yanka, duk inda tawada tayi siriri ko ta katse to wurin ɓacewa zai yi. Na taɓa ganin allon shago da aka yanka da lesa (injin da ke yanka da haske), cikin harafin o ya faɗi gaba ɗaya sai rami kawai, shi yasa masu aikin ke barin ɗan siririn ƙarfe ya riƙe tsakiya. Kai naka shine ka buɗe cikin haruffa irin su a da o da e sosai, kar haruffa su hau juna.

Abinda mutane suka fi ɓatawa anan shine gyara hannu. Mutum ya zauna yana zana haruffa kamar na littafin firamare, haba, da irin wannan suke so ai kwamfuta ta fi ka iyawa. Karkacewar nan taka ita ake nema. Rubuta sau biyar ko shida da saurin da ka saba, ka zaɓi wanda ya fi kama da kai.

In an yarda da wasu harsuna kayi da Hausa, to ka fito da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ sosai, ka kuma gaya musu a saƙo cewa ba kuskure bane, kar wani ya goge ta yana zaton tawada ce ta zube, ƙasa ta koma kasa. Ajami kuma ka nuna musu daga dama ake farawa.

Turawa: ɗauka da na'urar sikana ya fi, a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci) in da hali. Waya ce kawai gareka? shimfiɗa takardar kusa da taga da rana, kashe filas, ɗauka daga sama kai tsaye kar inuwar hannunka ta shiga.

Akwai fom da zaka sa hannu na amincewa suyi amfani da rubutun, duba ko zasu sa sunanka, kuma kar ka rubuta sa hannunka na banki a takardar. Ajiye asalin takardar a ambulan, wasu sukan nema ta gidan waya daga baya.